Peter deMenocal, mutumin da ya karanta tarihin Sahara a cikin lakar teku

Duk wanda ya taɓa share tsakar gida a watan Janairu ya san aikin hazo. Ka share da safe, kafin azahar ƙura ta sake rufe tabarma, ta shiga ƙwaryar fura, ta toshe ma yara hanci. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne, ita wannan ƙura da ke wucewa ta kanmu, ina take yada zango? To jama'a, mai yawa daga cikinta ba ta tsayawa sai tekun Atlantika. Can take sauka bisa ruwa, ta nutse sannu a hankali, ta kwanta a ƙasan teku, ta bana bisa ta bara, ta bara bisa ta bara waccan.

Akwai wani masani Ba'amurke, Peter deMenocal, da ya kwashe fiye da shekaru 30 yana tono wannan laka yana auna abin da ke cikinta. Ya fara da karatun ilimin ƙasa da duwatsu, ya ƙara da na teku, sannan ya yi digirin dakta a jami'ar Columbia ta New York a farkon shekarun 1990, ya kuma zauna nan yana bincike da koyarwa a cibiyarta mai suna Lamont-Doherty. Fannin nasa shi ne sinadaran laka da yashin da ruwa ko iska suka kwantar. Idan sunan ya yi maku nauyi, ku tuna mai haƙar rijiya. Yana shiga ƙasa yana cin karo da rairayi, sai jar ƙasa, sai yumɓu, sai tsakuwa, kuma ya san na ƙasa ya girmi na sama. Bambancin kawai, shi deMenocal yana son ya san shekarun kowane shimfiɗi da irin yanayin da aka yi lokacin da ya kwanta.

Lakar da ta fito da sunansa an haƙo ta ne a 1986, da wani jirgin ruwan bincike mai suna JOIDES Resolution, wanda ke ɗauke da injin haƙa irin na rijiyar burtsatse, wadda muke ce ma foraj, amma babba ƙwarai. An zura bututu ta cikin ruwa mai zurfin fiye da mita 2,000 a yamma da gaɓar Muritaniya, daura da Nuwadibu, aka ciro laka doguwa kamar sanda. Wurin yana daidai ƙarƙashin hanyar da ƙurar Sahara ke bi, kuma laka na taruwa da sauri a can: kusan taƙi guda a cikin shekaru 1,000. Ga ɗan adam wannan tafiyar hawainiya ce, amma a ƙasan teku gudu ne, don a wurare da yawa ƴan santimita kaɗan ke kwanciya a tsawon wannan lokaci.

Aikin ɗakin bincike kuwa na haƙuri ne. A yanka lakar ƙanana-ƙanana. A cikin kowane yanki akwai ɓawon wasu ƴan mitsi-mitsin halittun ruwa da suka mutu suka nutse. Da wannan ɓawo ake gane shekaru, saboda yana ɗauke da wani sinadari, kabon 14, wanda rabinsa ke ɓacewa duk bayan shekaru 5,730. Gwargwadon abin da ya rage, gwargwadon daɗewa. Daga nan sai a auna nawa ne na halittun teku a cikin yankin, a fitar da shi daga lissafi. Abin da ya saura ƙasar tudu ce da iska ta kawo. Ƙura da yawa na nufin Sahara a bushe take a wannan zamani. Ƙura kaɗan na nufin ciyawa da ruwa sun riƙe ƙasa.

Kada wani ya ce ai wannan hasashe ne. An gwada shi da zamaninmu. Tun a shekarun 1960 wani masani, Joseph Prospero, ya fara tara ƙurar Afirka a tsibirin Barbados, can ƙetaren teku. A farkon shekarun 1980, lokacin farin da iyayenmu ba su manta da shi ba, ƙurar da ke isa can ta ninka ta shekarun 1960 kusan sau 4.

A shekara ta 2000 deMenocal da abokan aikinsa suka fitar da sakamako. Kimanin shekaru 14,800 da suka wuce ƙura ta ragu ƙwarai. In ban da wani tsaiko na fari a tsakani, haka ta zauna har zuwa kimanin shekaru 5,500 da suka wuce, sai ta dawo da ƙarfinta. Tsakanin nan Sahara kore ce.

Mu a Nijar shaidar tana gabanmu, ko da ba mu je teku ba. Raƙuman dawan da aka sassaƙa bisa dutse a Dabus, arewa da Agadas, babban cikinsu ya haura mita 5, a wurin da yau ko akuya sai ta yi da gaske. A Gobero, cikin Tenere, ayarin Paul Sereno ya ci karo da wata tsohuwar maƙabarta a shekara ta 2000, kusan kaburbura 200 a bakin tabkin da ya ƙafe, ga ƙasusuwan dorina, ga na kada, ga na giwan ruwa. Tabkin Cadi na wancan zamani ya kai murabba'in kilomita 350,000, wato ya fi kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin Nijar duka. Busasshen gindinsa, kwarin Bodele da ke arewacin Cadi, shi ne yau ke aiko mana da wani babban kaso na hazon hunturu.

Me ya kawo ruwan, me ya ɗauke shi? Duniya tana juyi tana ɗan layi, kamar katantanwar da yara ke murzawa, kuma zagaye ɗaya na wannan layi yana cin shekaru fiye da 20,000. A yau duniya ta fi kusantar rana a farkon Janairu. Shekaru kusan 11,000 da suka wuce kuwa, a tsakiyar shekara take kusantarta, daidai lokacin damina a wajenmu. Ƙasa ta fi ɗaukar zafi, ta fi jawo iskar teku mai ɗauke da hadari, ruwa ya kai can arewa nesa.

Nan ne maganar ta yi daɗi, kuma nan ne gardama ta tashi. Layin duniya a hankali yake canzawa, cikin dubban shekaru. Amma a lakar deMenocal ƙura ta dawo cikin ƴan ɗaruruwan shekaru kawai. Bayanin da ya bayar manomi zai gane shi nan take: ciyawa da itatuwa suna riƙe laima suna mayar da ita sama, kuma koriyar ƙasa ta fi farin rairayi shan zafin rana. Ruwa ya ɗan ragu, ciyawa ta ragu. Ciyawa ta ragu, ruwa ya ƙara raguwa. Abu ya yi ta cin kansa har ya kai inda ba ya dawowa.

Ba kowa ya yarda ba. Wani Bajamushe, Stefan Kröpelin na jami'ar Kolon, ya haƙo lakar tabkin Yowa da ke Uniyanga a arewacin Cadi, ya ƙirga bununin tsirran da ya kwanta a ciki na tsawon shekaru 6,000. A 2008 ya ce shi abin da ya gani bushewa ce ta sannu-sannu: itatuwan da ke son ruwa suka fara tafiya, sai ciyawa, sannan tsirran hamada suka shigo. DeMenocal bai tsaya kan ramin farko ba. Shi da wasu matasan masana sun auna lakar wurare da dama daga gaɓar Maroko zuwa ta Muritaniya, kuma a 2013 suka sake samun cewa ƙura ta tashi da sauri kimanin shekaru 5,000 da suka wuce. Binciken da ya biyo baya ya nuna ruwan bai janye rana ɗaya a ko'ina ba: arewa ta riga bushewa, kudu ta biyo daga baya. A ganina duka biyun suna da tasu gaskiyar. Teku na tattara labarin yanki mai faɗi, tabki na ba da labarin unguwarsa. Mu ma mun san shekarar da Gaya ke godiya, Tanut na kuka.

Bai tsaya ga Afirka ba. Shi da ɗalibarsa Heidi Cullen sun sami wani shimfiɗin ƙura a lakar tekun Oman wanda ya dace da faɗuwar daular Akkad, a ƙasar Iraƙi da Siriya ta yau, kimanin shekaru 4,200 da suka wuce. Farin ya ɗauki kusan shekaru 300.

Akwai kuma wani sakamako da ya taɓa mu kai tsaye, ko da yake ba nasa ba ne. A 2010 Stefan Mulitza na jami'ar Bremen ya auna lakar wannan gaɓa ta shekaru 3,200, ya ga a mafi yawan lokacin ƙura na bin ruwan sama ne: ruwa ya ragu, ta ƙaru. Amma daga ƙarni na 19 sai ta yi tsalle fiye da abin da fari kaɗai zai iya bayyanawa, daidai lokacin da noman sayarwa, musamman na gyaɗa, ya bazu a Sahel aka yi ta sassabe daji. Wanda ya ji labarin zamanin gyaɗa a Maraɗi da Damagaram daga bakin kakanni ya san irin dajin da ya tafi. Ashe har ƙasan teku an rubuta.

A 2020 deMenocal ya bar Columbia ya zama shugaban cibiyar binciken teku ta Woods Hole, a jihar Massachusetts. Jirgin JOIDES Resolution kuma ya yi tafiyarsa ta bincike ta ƙarshe a 2024. Ita dai lakar tana nan. Duk sandar da aka ciro ana tsaga ta biyu, rabi a yi aiki da shi, rabi a adana. Ta tekun Atlantika tana birnin Bremen na Jamus, cikin wani ƙaton ɗakin sanyi kamar firigo, kuma masani daga kowace ƙasa yana iya rubuta takarda ya nemi a ɗebo masa ɗan yanki ya auna.