Sakakken tushen wuta a cikin ampili: ina turken yake?

1. Gabatarwa

A Sassumbrum, kamar sauran garuruwan Magarya da Dungas da ke bakin iyakar Najeriya, lasifika ta zama kayan aiki na kullum: kiran salla, wa'azi, tallar magani ranar kasuwa, shagalin biki. Mafi yawan ampilin da ke tura waɗannan lasifikoki suna shigowa ne daga kasuwannin Kano irin su Sabon Gari, kuma sau da yawa batir mai bolt 12 ko ƙaramin janareto ne ke ba su wuta. Idan ɗaya ya ƙone, akan ɗora laifin a kan zafi ko jabun kaya. Wannan takarda za ta dubi wani dalili da ba a cika ambata ba, wato rashin sanin inda aka ɗaure sifilin na'urar.

Kafin mu shiga bayani, ga kalmomin da muka zaɓa. Ƙarfin wuta ba ya aunuwa a wuri ɗaya. Bambanci ne tsakanin wurare biyu. Saboda haka mai tsara na'ura yakan zaɓi wuri guda ya kira shi bolt 0, ya auna kome daga can. Wannan wuri, da Faransanci masse, mun kira shi turke. Tushen wutar da aka haɗa da turken ɗaurarre ne. Wanda ba a haɗa ba, alimentation flottante, mun kira shi sakakke. Turke kuma daban yake da wayar ƙasa (terre), wadda ake binne wa ƙarfe domin kare ran mutum.

2. Tsarin da aka saba da tsarin gada

A tsarin da ake koyarwa a aji, taransifoma tana da tsakiya, tsakiyar tana kan turke, layin sama yana da misali +30, na ƙasa −30. Baƙar wayar lasifika tana kan turke, ja ce kaɗai ke hawa da sauka. Daga nan masu gyara suka ɗauki ƙa'idar cewa baƙar waya turke ce a ko'ina.

Batir ɗaya ba shi da tsakiya. Idan ampili mai hannu ɗaya ya sami bolt 12, lasifika ba ta ganin fiye da 6 sama da 6 ƙasa, kuma a kan om 4 iyakar abin da lissafi ya yarda shi ne wat 4,5 (V²/8R). Wannan ba ya kai kiran salla bayan gari. Shi ya sa rediyon mota da ƙananan ampilin batir suke amfani da gada (montage en pont): hannu biyu, ɗaya na hawa lokacin da ɗayan ke sauka, lasifika a tsakaninsu. Bolt ya ninka, ƙarfi ya ninka sau huɗu, wato wat 18 (V²/2R). Haɗaɗɗun da'irori irin su TDA7388 haka suke aiki. Amma a nan duka wayoyin lasifika biyu rayayyu ne, kowace tana zaune a kusan rabin batir, bolt 6, ko da ba a magana. Wanda ya haɗa baƙaƙen wayoyin lasifika biyu wuri ɗaya don tsimin waya zuwa saman hasumiya, ko ya bar ɗaya ta taɓa kwanon rufi da ke haɗe da jikin na'ura, ya gajarta hannun ampili kai tsaye.

3. Sakakken tushe

A gada lasifika ce sakakkiya. Akwai tsari na uku inda tushen wutar ne da kansa ake saki, kuma shi ne ya fi rikitarwa. Tunanin tsoho ne: Alpha Wiggins na kamfanin Electro-Voice a Amurka ya sami rajistar da'irarsa ta Circlotron a 1958, mai tushen wuta biyu, duka sakakku. A zamanin taransisto, James Strickland ya fito da tsarin Trans-Nova a shekarun 1980, kamfanin QSC kuma, wanda Pat Quilter ya kafa a Kalifoniya a 1968, ya gina ampili masu yawa a kan wannan hanya.

Yadda abin yake a irin na QSC: maimakon a ɗaure tsakiyar tushen wuta, sai a ɗaure kolektan manyan taransistoci a turke. Lasifika tana tsakanin turke da mahaɗar manyan kondansato biyu. Mu ɗauki tushe mai +60 da −60. In an yi shiru, tsakiya tana 0. Idan taransiston sama ya buɗe gaba ɗaya, yana jawo layin sama zuwa turke, ya koma kusan 0. Tunda tazarar da ke tsakanin layuka ba ta canzawa, tsakiya ta faɗa −60, layin ƙasa kuma −120. Tushen wutar gaba ɗayansa yana lilo da muryar mai magana, kuma wannan lilon ne lasifika ke ji.

Me aka samu da wannan wahala? Abu na farko ya shafe mu ƙwarai. Jikin ƙarfe na taransisto shi ne kolekta, don haka a tsarin da aka saba dole a sa fallen mika tsakaninsa da farantin sanyaya, mika kuwa tana rage wucewar zafi. Idan kolekta yana kan turke, ana ɗaure taransisto a kan farantin kai tsaye. A yankin Damagaram, inda zafin Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40 a inuwa, ƴan digirin da aka rage a cikin taransisto ba ƙaramin abu ba ne. Na biyu, sashen da ke tuƙa manyan taransistoci ba ya buƙatar babbar wuta. Ƙaramar da'ira mai +15 da −15 ta isa. Na uku, a samfuran da ba a haɗa tsakiyar taransifoma da mahaɗar kondansato ba, ko taransisto ya mutu tsayayyiyar wuta ba ta ɗorewa a kan lasifika, domin kondansato ba sa barin ta wucewa.

Farashinsa kuwa shi ne kowace tasha, hagu da dama, tana buƙatar naɗinta na taransifoma, diyodinta da kondansatonta, domin tasoshin biyu ba sa lilo tare. A nan ne mai sake naɗin taransifoma yakan yi ɓarna ba da niyya ba: ya ga naɗi biyu iri ɗaya, ya mayar da su ɗaya mai kauri, ko ya haɗa tsakiyar da jikin akwati kamar yadda ya saba. Haka ma ingancin takardar da ke raba naɗi da naɗi, wanda a nan ya fi muhimmanci, tunda tazarar wuta tsakaninsu tana iya kai ninkin abin da aka rubuta. A ganinmu wannan tsari bai dace a gina shi kai tsaye a kan batir ɗaya na gida ba, domin da zarar an haɗa batirin da caja ko rediyo ko wata na'ura mai turke, ya daina zama sakakke.

4. Wayar ƙasa da awo

Kada a fahimci “sakakke” da cewa akwatin ma a sake shi. Na'urori da yawa na zamani suna da ƙananan kondansato tsakanin wayoyin bolt 220 da jikin akwati. In babu wayar ƙasa, jikin yakan tsaya a kusan rabi, bolt 110. Wutar da ke bi kaɗan ce, amma ita ce ke cizon leɓen ladan a bakin makirfo, kuma idan wata waya ta gwaguye ciki babu abin da zai ɗauke haɗarin. Busasshen rairayi ba ya ɗaukar wuta sosai, don haka ƙarfen da aka kafa da damina yana iya zama ado kawai a watan Maris. A zurfafa shi, a riƙa jiƙa wurin.

Ga ɗaliban da za su auna irin waɗannan na'urori a ɗakin gwaji: maƙalin osiloskop yana haɗe da wayar ƙasa, idan aka maƙala shi a layin sakakken tushe ko a baƙar wayar gada an gajarta da'irar. Kafin a kunna, a cire wuta, a bar kondansato su huce, a sa mita a kan om, a auna tsakanin jikin akwati da wurare uku: baƙar wayar lasifika, mahaɗar manyan kondansato, da jikin manyan taransistoci. Wanda ya nuna kusan om 0 shi ne ke kan turke, kuma a nan kaɗai ake maƙala osiloskop.