Masu Dafa Burukutu A Suleja Na Gogayya Da Manyan Kamfanoni Wajen Sayen Dawa

SULEJA — Duk da cewa akasarin mazauna garin Suleja Musulmi ne waɗanda addininsu ya haramta musu sha da sayar da barasa, sana'ar dafa burukutu da fito ta daɗe da kafuwa a ƙauyukan Gwari da Koro da ke kewaye da garin, da kuma unguwannin baƙi da suka yi ta bunƙasa tun bayan da aka mayar da babban birnin tarayya Abuja a ranar 12 ga Disamba, 1991. Abin da ya sa wannan sana'a ta shafi ɗan kasuwa, ko da kuwa bai taɓa kusantar ta ba, shi ne dawa. Buhun da mai dafa burukutu ke taya wa a kasuwa shi ne wanda dillalin kamfanin giya ke nema, shi ne kuma wanda magidanci ke son kai wa gida domin tuwo da kunu.

Suleja ita ce tsohuwar Abuja. Ta bar wa sabon birnin sunanta bayan dokar da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa a 1976, aka kuma raɗa mata sabon suna domin girmama Sarki Sulaimanu Barau. Tsadar haya a cikin birnin tarayya ta kora dubban ma'aikata da leburori da direbobi daga kowane sashe na ƙasar nan zuwa Suleja da Madalla da Gauraka, inda suke kwana su yi sammakon shiga Abuja. Daga cikinsu ne masu sayar da barasa ke samun yawancin masu ciniki.

Abin da ake sha ya rabu ne bisa ga ƙarfin aljihu. Mai albashi yakan nemi giyar kwalba irin su Star da Gulder na kamfanin Nigerian Breweries, ko baƙar giyar Guinness, ko Trophy da Hero na kamfanin International Breweries. Mutanen kudu suna da bammi da ogogoro. Manomi da lebura kuwa burukutu suke sha a ƙwarya, domin ita ce mafi araha, ga shi kuma kaurinta yana riƙe ciki, har wasu ke ɗaukar ta a matsayin rabin abinci. Fito ya fi ta tsinkewa da zaƙi.

Aikin dafa ta ya kusa cin mako guda, kuma galibi mata ne ke yin sa. Akan jiƙa dawa, an fi son ja, ta kwana a ruwa, sannan a tsame a shanya a inuwa a rufe ana yayyafa mata ruwa har ta yi tsiro. Tsiron nan shi ne jarin sana'ar, domin a lokacin da ƙwayar ke tsirowa ne take fitar da sinadarin da ke mayar da garin cikinta sukari. Daga nan sai a busar da shi a rana, a kai niƙa, a dama da ruwa, a dafa na sa'o'i da yawa, a bari ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa a tace. Idan ya huce sai a zuba masa ragowar dahuwar baya, wadda ita ce yistinsu, a bar shi ya tashi. Ƙarfin barasar da ke ciki yakan kama daga kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari, wato kusan daidai da giyar kwalba. A da, da manyan tukwanen yumɓu na matan Gwari ake wannan dahuwa, irin ginin tukwanen da ya fito da sunan Ladi Kwali a cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a wannan gari a farkon shekarun 1950. Yanzu durom na ƙarfe da manyan tukwanen dalma sun karɓe wurinsu a gidaje da dama. Dusar da aka tace ba ta zuba a banza, masu kiwon aladu da kaji suna saye.

Babban cikas ɗin sana'ar shi ne ba ta ajiyuwa. Burukutu na ci gaba da tashi har a cikin ƙwaryar mai sha, kuma bayan 'yan kwanaki kaɗan sai ta koma tsami ta lalace. Don haka ba a iya ɗura ta a kwalba a rufe, ba a iya kai ta nesa, mai dafawa ba ta da ikon jira farashi ya tashi. Abin da ta dafa dole ta sayar a unguwarta cikin kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa ma bashi. Idan kuɗin dawa da itacen girki da na injin niƙa suka tashi, kamar yadda suka yi bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ba ta iya ƙara wa ƙwarya kuɗi gwargwadon haka, saboda masu cinikinta talakawa ne. Sai ta rage girman ƙwaryar, ko ta ƙara garin rogo ko masara a cikin haɗin.

Shigar manyan kamfanoni kasuwar dawa ta samo asali ne daga shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida. A 1988 aka hana shigo da tsiron sha'ir daga ƙasashen waje, wanda da shi ne kamfanonin suka dogara tun lokacin da aka fara yin Star a Legas a 1949. Wannan ya tilasta musu komawa ga dawa da masara, suka kuma yi amfani da irin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta inganta, musamman gajeriyar kaura mai lamba SK5912. Ma'ana, injiniyoyin kamfani sun koyi abin da matan ƙauye suka daɗe da sani, cewa tsiron dawa yana yin giya. An janye haramcin daga baya, amma dawa ba ta fita daga tukunyar kamfanonin ba, har Nigerian Breweries ya buɗe masana'antar tsiron dawa a Aba a 2008. Ya kamata a lura cewa kaso mai yawa na wannan tsiro yana tafiya ne cikin abubuwan sha marasa barasa irin su Maltina da Malta Guinness, waɗanda ke da babbar kasuwa a Arewa.

Faɗuwar darajar Naira daga watan Yuni na 2023 ta ƙara wa dawa muhimmanci, domin sha'ir da Dala ake sayo shi. Nigerian Breweries ya bayyana asarar kimanin Naira miliyan dubu 106 a 2023, ya kuma dakatar da aiki a biyu daga cikin masana'antunsa tara a 2024. A shekarar ce kuma kamfanin Diageo na Ingila ya sayar wa Tolaram hannun jarinsa na kashi 58 cikin ɗari a Guinness Nigeria. Kamfanin da ke cikin irin wannan matsi yana ƙara karkata ga kayan gida, kuma dillalinsa da tirela yake saye da kaka. Mai dafa burukutu da mudu take saye, a farashin ranar kasuwa.

Ta fuskar doka, Jihar Neja na cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, zamanin Gwamna Abdulƙadir Kure, aka kuma taƙaita sayar da barasa. Sai dai Suleja na kan iyaka da yankin birnin tarayya, inda wannan doka ba ta aiki, kuma tazarar Madalla da Zuba ba ta wuce tafiyar 'yan mintoci ba. Duk lokacin da aka matsa a ɓangare ɗaya, ciniki da kuɗin lasisi sukan tsallaka ɗaya ɓangaren. A ƙarshen 2023 an baza sanarwar cewa za a hana sayar da barasa a Suleja daga farkon 2024, amma gwamnatin Gwamna Mohammed Umaru Bago ta fito ta musanta. Irin wannan rashin tabbas yana hana mai jari kafa abu mai ɗorewa.

Abokin gogayyar burukutu na kusa shi ne barasar leda, mai ƙarfi da araha, wadda hukumar NAFDAC ta fara aiwatar da haramcinta a watan Fabrairu na 2024 saboda yadda take faɗawa hannun yara da direbobi.

Ƙananan masana'antun giya na zamani, irin waɗanda suka yaɗu a Amurka da Turai, ba su da yawa a Nijeriya. Wanda ya fi suna shi ne Bature Brewery, wanda aka fara a Abuja a 2017 kafin ya mayar da ƙarfinsa Legas, inda masu iya biyan kuɗinsa suka fi yawa. Yana sarrafa kayan gida kamar zoɓo da gahawa a cikin giyarsa, amma farashinsa da wuraren da yake sayarwa sun yi nisa da mai ƙwarya a Madalla. Abin da ƙaramar masana'anta irin wannan ke da shi wanda matan ƙauye ba su da shi shi ne tankunan ƙarfe masu tsabta, da na'urar sanyaya, da yisti tsararre, da rajistar NAFDAC, kuma dukkansu suna buƙatar jari da tsayayyar wutar lantarki.