Tsakanin Wayar Madannai da Wayar Komai-da-Ruwanka ta Farko: Abin da Aka Samu da Abin da Aka Rasa

Gabatarwa

A shekarar 2013 ne, karo na farko, yawan wayoyin komai-da-ruwanka da aka sayar a duniya ya zarce na ƙananan wayoyi masu madannai. Wanda ya ji wannan labari zai iya ɗauka cewa sabuwar waya ta fi tsohuwa ta kowace fuska. Amma wanda ya nazarci yadda aka ƙera kowace daga cikinsu zai tarar ba haka abin yake ba, domin kowane allazi da nasa amanu. Duk wani sabon aiki da aka ɗora wa wayar hannu, sai da aka fanshe shi da wani abu, ko dai ƙarfin batir, ko ƙwarin jiki, ko kuɗin aljihun mai saye. Wannan maƙala za ta kwatanta wayoyin biyu, tare da fito da dalilan kimiyya da suka haifar da fifiko da naƙasun kowace.

Asalin wayoyin biyu

Wayar hannu ta farko da ta shiga kasuwa ita ce DynaTAC 8000X ta kamfanin Motorola na Amurka. Hukuma ta amince da ita a 1983, wato shekara 10 bayan injiniyan kamfanin, Martin Cooper, ya yi kiran gwaji na farko. Nauyinta ya kusa giram 800, kuɗinta dala 3,995, kuma sai an yi mata cajin awa 10 kafin a yi maganar minti 30. Tsarin sadarwa na GSM, wanda aka fara kira da shi a ƙasar Finland a 1991, shi ne ya buɗe hanyar ƙera ƙananan wayoyi masu araha, kuma a kansa aka aika da gajeren saƙon rubutu na farko a Birtaniya a 1992. Fitattun wayoyin wannan zuri'a su ne Nokia 3310 ta shekarar 2000, wadda aka sayar da guda miliyan 126, da Nokia 1100 ta 2003, wadda cinikinta ya haura miliyan 250.

Ita kuwa wayar komai-da-ruwanka, asalinta ya girmi yadda jama'a ke zato. Tun a 1994 kamfanin IBM ya fito da Simon, waya mai fuskar taɓawa da ke aika imel da fas. Nokia 9000 ta biyo baya a 1996, sai Ericsson R380 a 2000, da BlackBerry 5810 a 2002. A 2007 kamfanin Apple ya fito da iPhone, sannan HTC Dream, wadda ita ce ta farko mai manhajar Android, ta fito a 2008.

Bambancin gini

Tushen bambancin yana cikin manufar ƙira. Tsohuwar waya rediyo ce mai karɓa da aikawa, aka haɗa mata 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwa da za ta kula da kira da saƙo da agogo da jerin sunaye. Ayyukanta ƙidayayyu ne, kuma tun daga masana'anta aka ƙayyade su. Wayar komai-da-ruwanka kuwa kwamfuta ce da aka haɗa wa rediyo. Tana da babbar manhaja, kamar Symbian ko Android, wadda ke ba wasu ƙananan manhajoji damar hawa kanta su yi aiki. Alal misali, ƙwaƙwalwar da ke cikin Nokia 9000 dangin Intel 386 ce, irin wadda aka sani a kwamfutocin tebur. Daga wannan bambanci ne sauran duka suka tsiro.

Batir da cin wuta

Ana auna cikin batir da ma'aunin mAh, kamar yadda ake auna cikin randa da yawan tulunan da take ɗauka. Batirin Nokia 1100 yana da mAh 850, kuma kamfanin ya ce yana iya kai awa 400, wato fiye da kwana 16, idan ba a yi kira ba. Batirin iPhone ta farko ya fi shi girma, domin ya kai mAh 1,400. Apple ya ce zai yi awa 250 idan wayar tana ajiye, amma awa 6 kawai idan ana yawo a intanet. Ke nan matsalar ba ƙanƙantar randa ba ce, yawan masu ɗiba ne.

Masu ɗibar nan uku ne. Na farko shi ne fuskar waya. Fuskar tsohuwar waya baƙi da fari ce, tana aron hasken rana ko na ɗaki, fitilarta kuma 'yan daƙiƙoƙi take yi ta mutu. Fuska mai launi kuwa ba a ganin komai a kanta sai fitilar bayanta tana kunne. Bugu da ƙari, hoton da ke kan fuska tarin ɗige-ɗige ne. Na Nokia 3310 ɗigo 84 ne a kwance da 48 a tsaye, jimilla 4,032. Na iPhone kuwa 320 ne da 480, jimilla 153,600, wato ninki 38, kuma kowane ɗigo sai an lissafa launinsa. Na biyu shi ne ƙwaƙwalwa, wadda cin wutarta ke ƙaruwa gwargwadon saurinta da yawan aikin da aka ba ta. Na uku shi ne rediyo. Tsohuwar waya mafi yawan lokacinta barci take yi, sai dai ta riƙa farkawa na ɗan ƙiftawar ido ta saurari turken sadarwa ko akwai kira. Sabuwar tana ɗauke da rediyo fiye da ɗaya, na layi da na Wi-Fi da na Bluetooth, wasu har da na tauraron ɗan'adam mai nuna wuri, kuma manhajojinta ba sa daina neman sababbin saƙonni.

Wannan naƙasu ya bayyana tun daga farko. Batirin Simon kimanin awa 1 yake yi, nauyinta ya haura rabin kilo, kuma guda 50,000 kawai aka sayar kafin a janye ta a 1995. Dalilin ɗorewar matsalar shi ne, ƙarfin ƙwaƙwalwar kwamfuta yana ninkuwa cikin 'yan shekaru, amma batir ya dogara ne da sinadarai, waɗanda ci gabansu tafiyar hawainiya yake yi. Har ila yau, batirin tsohuwar waya ana cire shi da hannu a sa wani, amma na iPhone a rufe yake cikin jikinta, sai mai gyara.

Madannai da fuskar taɓawa

Tsohuwar waya madannai 12 gare ta na lambobi da alamomi, kuma a kansu aka raba haruffa. Mai son rubuta harafin "s" sai ya danna lamba 7 sau huɗu. Wannan akwai jinkiri, amma yatsa yana jin kowane madanni, har wanda ya saba yakan yi rubutu ba tare da ya duba ba. Saƙo ɗaya ba ya wuce harafi 160, kuma jerin haruffan GSM ba shi da ɓ da ɗ da ƙ. Idan aka sa irin waɗannan haruffa, saƙon yana komawa wani tsari mai cin wuri, adadin ya faɗo zuwa 70. Da madannai suka koma zane a kan fuska, sai ƙara haruffan kowane harshe ya zama aikin manhaja kawai, kuma daga baya Hausa ta ci moriyar haka.

Fuskar taɓawa iri biyu ce. Ta farko shimfiɗa biyu ce siririya, idan aka danna sai ta sama ta taɓa ta ƙasa, na'ura ta gane wurin. Tana aiki da farce ko ɗan tsinke, amma sai an matsa. Ta biyu, wadda iPhone ta yaɗa, gilashi ne mai ɗauke da ɗan cajin lantarki. Da yake jikin mutum yana ɗaukar lantarki, yatsa na taɓawa sai cajin wurin ya sauya. Ta fi sauƙin sarrafawa, tana kuma gane yatsa biyu a lokaci guda, sai dai ba ta jin tsinke ko safar hannu, kuma jiƙaƙƙen yatsa yana rikita ta.

Ƙwari da farashi da tsaro

Fuskar Nokia 3310 ƙarama ce, tana can ƙarƙashin murfin roba. Idan ta faɗi, murfin da batirin sukan watse, su tafi da kaso mai yawa na ƙarfin bugun, mai ita ya tattara ya mayar. Faffaɗan gilashi kuwa ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi. Ta fuskar farashi, an sayar da Simon dala 899, iPhone kuma dala 499 ko 599, dukkansu bisa yarjejeniyar shekara 2 da kamfanin layi.

Duk da wannan tsada, wayoyin farko ba su cika ba. BlackBerry 5810 ba a iya kira da ita sai an maƙala abin saurare na kunne. iPhone ta 2007 ba ta ɗaukar bidiyo, ba ta aika hoto ta saƙon layi, ba ta hawa tsarin 3G, alhali wasu wayoyin da suka girme ta suna yin duk waɗannan. Kasuwar manhajojinta ma sai a 2008 aka buɗe.

Akwai kuma batun tsaro. Ƙofar da manhaja mai amfani ke shiga, ta nan mai cutarwa ke bi. A 2004 aka gano Cabir, ƙwayar cutar kwamfuta ta farko da ke kama wayar hannu, wadda ke yaɗuwa ta Bluetooth tsakanin wayoyi masu Symbian. Wayar da ba ta karɓar baƙuwar manhaja ta tsira daga irin wannan.

Inda wuta ta yi ƙaranci

Nauyin kowane naƙasu ya danganta da wurin da ake amfani da wayar. Lokacin da kamfanonin Econet da MTN suka fara aikin GSM a Nijeriya a watan Agusta na 2001, layukan tarho da ke aiki a ƙasar ba su kai rabin miliyan ba, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas. Nokia 1100 an ƙera ta ne domin irin wannan yanayi: tana da tocila, madannanta shimfiɗar roba ɗaya ce mai hana ƙura shiga, batirinta kuma yana daɗewa. Wayar da ta cika biliyan ɗaya a cinikin kamfanin Nokia ma 1100 ce, kuma a Nijeriya aka saye ta a 2005. Ga manomi ko makiyayi ko direban da zai yi kwanaki bai ga soket ba, wayar da ta mutu kafin la'asar ba ta da amfani, komai yawan hikimar da ke cikinta. Shi ya sa sana'ar cajin waya da janareta ta kafu a kasuwanni da tashoshin mota, kuma mutane da yawa suke riƙe waya biyu, babba domin intanet, ƙarama domin kira.

Kammalawa

A taƙaice, tsohuwar waya ta yi fice ne saboda ta taƙaita ayyukanta, ta kuma yi su da wuta kaɗan. Wayar komai-da-ruwanka ta farko ta kawo intanet da imel da taswira cikin aljihu, amma ta zo da batir mai saurin ƙarewa, da gilashi mai saurin fashewa, da tsada. Shekaru sun rage farashin, sun kuma cike giɓin ayyukan, amma cajin kullum yana nan daram. A 2017 kamfanin HMD Global ya sake fito da Nokia 3310 cikin sabon salo, alamar cewa masu neman irinta ba su ƙare ba. Saboda haka, mai neman waya zai kyauta wa kansa idan ya fara auna aikin da zai yi da ita da kuma wutar da yake samu, kafin ya dubi yawan abubuwan da aka ce tana yi.