Mutanen Basalona Ba Butulci Suka Yi Ba

Tun watan Yulin 2024 wani bidiyo ke yawo a wayoyinmu, ya ɓace ya sake ɓullowa: mazauna birnin Basalona na ƙasar Sifaniya suna fesa wa masu yawon buɗe ido ruwa da bindigar wasan yara, suna ce musu su koma gida. Duk sanda ya dawo, sharhin ɗaya ne: "Ku ga butulci! An kawo musu arziki har gida suna kora." Na gaji da jin wannan magana, don masu yin ta ba su taɓa tambayar aljihun wa arzikin ke shiga ba.

Matsalar dai ita ce baƙi su yi wa gari yawa fiye da abin da zai iya ɗauka. Basalona na da mutum wajen miliyan 1.7, amma baƙin da ke kwana cikinta a shekara sun ninka haka sau da yawa, ban da waɗanda manyan jiragen ruwa ke juyewa da safe su kwashe da yamma. Arhar tikitin jirgi da hotunan Instagram sun ƙara wa wutar fetur.

To, ina kuɗin? Yana shigowa, babu musu. Sai dai mai gida ya iya lissafi. Abin da baƙo zai biya ta manhajar kama masauki ta Airbnb a 'yan kwanaki ya kai na ɗan haya a wata guda, don haka da wa'adi ya cika sai a ce wa iyali su tashi. Wanda ya taɓa neman haya a Abuja ya san zafin wannan. Magajin garin, Jaume Collboni, da bakinsa ya ce kuɗin haya ya tashi da kashi 68 cikin ɗari a shekara goma, kuma a watan Yunin 2024 ya sanar cewa gidaje 10,101 masu lasisin saukar baƙi za su rasa shi nan da Nuwamban 2028. Hukumar da ke cin harajin baƙi ba ta yin haka don nishaɗi. Ita kuwa matar da ke gyara ɗakunan otal, wadda ake cewa an sama wa aiki, albashinta ba ya kama mata ɗaki a unguwar da take aikin. Wane arziki aka kawo mata?

Abin bai tsaya a haya ba. Akwai wata ƙaramar bas mai lamba 116 da ke bi ta lambun Park Güell. Baƙi suka cika ta har tsofaffin unguwa suka rasa wurin zama, sai da aka cire ta daga taswirar Google a 2024. Ka ji fa, gari na ɓoye motarsa don mutanensa su samu shiga! Wanda ke son ganin inda hanyar ta nufa ya dubi Banis ta Italiya: tsohon birnin na da mutum kusan 175,000 a 1951, yau ba su kai 50,000 ba. Ambaliya da ƙarancin aiki na da nasu kason, amma gidajen da aka bari baƙi ne ke kwana ciki.

Mu ma yanzu muna fita, ɗalibai da 'yan kasuwa da masu zuwa hutu, saboda haka maganar ta shafe mu. In Allah ya nufe ka da irin wannan tafiya, sauka a otal ko masauki mai lasisi. A Basalona doka ta wajabta a rubuta lambar lasisin a jikin tallan masaukin, in ba ka gan ta ba ka wuce. Kauce wa Yuli da Agusta, cunkoso ya fi muni, farashi ma haka. Kada ka tsaya a bakin rumfar kasuwar Boqueria ta Basalona kana ɗaukar hoto alhali ba ka sayi ko lemo ba, mai rumfar ma haya take biya. Kada ka ɗauki hoton mutum ko ƙofar gidansa sai da izini, ka kuma rage murya da dare, bayan bangon nan akwai mai fita aiki da asuba. Harajin baƙi da otal zai ƙara maka a kowane dare, biya shi ba tare da rigima da mai karɓar kuɗi ba, ba shi ya sa ba. In kuwa Banis za ka shiga ka fito a yini ɗaya, duba ko ranar na cikin waɗanda ake biyan kuɗin shiga, tsarin da aka fara da Yuro 5 a watan Afrilun 2024.