Ranar Buɗe Kwalba: Abin da Shekaru Ke Yi wa Giyar Inabi

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da ke tara kwalaben giyar inabi kamar yadda wasu ke tara tsofaffin littattafai ko kan sarki. Mutum zai sayi kwalba a shekarar da aka haifa masa ɗa, ya kai ta ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya kwantar, ya ce ba za a buɗe ba sai ranar auren yaron. Ranar aure ta zo ta wuce, sai ya ce a dakata sai an sami jika. Wannan jan ƙafa ya yi yawa, har wasu 'yan jarida biyu, mata da miji, Dorothy Gaiter da John Brecher na jaridar Wall Street Journal, suka ware dare guda wajen shekarar 2000, wato Asabar ta ƙarshe a watan Fabrairu, suka ce kowa ya fito da kwalbar da yake ta ɓoyo ya buɗe. Hujjarsu ita ce, masu jira da yawa idan sun tashi buɗewa sai su tarar abin da ke ciki ya riga ya lalace.

Mu a nan, mafi yawanmu addini ya haramta mana giya, kuma ba tallarta za mu yi ba. Amma kwalbar da ta shekara talatin a rufe ƙaramin ɗakin gwaje-gwaje ce, kuma daga binciken lalacewar giya aka samo hanyar da ake gyara madarar kanti a yau don kada ta ɓaci. Saboda haka mai karatu ya biyo mu, mu leƙa cikin kwalbar.

Ruwan inabi yana cike da sukari. Idan aka matse shi, wasu ƙananan halittu da muke kira yis, waɗanda masana suka raɗa wa suna Saccharomyces cerevisiae, sai su cinye sukarin, su fitar da barasa da iskar kabon dayoksaid. Shi ne dai yis ɗin da ke kumbura burodi da fanke. Cikin mako ɗaya zuwa uku aikinsa ya ƙare, barasa ta kai kamar kashi 12 zuwa 14 cikin 100, shi kuma ya mutu ya kwanta a ƙasan ganga. Daga nan abin da ya rage ba aikin mai rai ba ne, sinadarai ne ke mu'amala da junansu a hankali, shekara da shekaru.

Biyu daga cikin sinadaran nan mun san su a gida. Na farko shi ne tanin, wanda ke cikin ɓawon inabi da 'ya'yansa. Shi ne ke ba goro da ɗanyar ayaba da baƙin shayi bauri, kuma shi ne ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita. Yadda yake kama furotin ɗin fata ya ƙarfafa ta, haka yake kama furotin ɗin miyau, baki ya bushe, harshe ya yi kaushi. Na biyu shi ne antosayanin, mai ba jan inabi launinsa, ɗan uwan wanda ke sa zoɓo ja. Sabuwar giya tana da ja mai duhu da bauri mai yawa. Idan shekaru suka tura, tanin da launin sai su riƙa ƙulluwa da juna, suna tsinkewa suna sake ƙulluwa, waɗanda suka yi nauyi su sauka ƙasa su zama laka. Baurin ya ragu, jan ya koma kalar jan bulo, daga nan ya doshi ruwan ƙasa. Farar giya kuwa duhu take ƙarawa, daga ruwan ɗorawa zuwa kalar zuma. Ƙanshin 'ya'yan itace ma yana gushewa, wani ya maye gurbinsa, wanda masu sha ke kwatantawa da ƙanshin jemammiyar fata, da busasshen ganyen taba, da na ƙasa bayan ruwan sama. Wannan canji shi masu tarawa ke jira. Sai dai giya kaɗan ce ƙwarai ke da tanin, ko tsami, ko sukarin da zai kai ta wannan matsayi. Mafi yawan wadda ake sayarwa a duniya an yi ta ne don a shanye cikin 'yan shekaru, ajiye ta ba ya ƙara mata komai sai lalacewa.

A nan gizo ke saƙar: abin da ke gyara giyar shi ne kuma ke kashe ta, wato iskar oksijin. Louis Pasteur ne ya fara nuna haka a fili. A 1863 Sarkin Faransa Napoleon na Uku ya nemi ya binciko dalilin da giyar ƙasar ke ɓaci a hanya kafin ta isa hannun masu saye, abin da ke jawo wa fatake hasara mai yawa. Pasteur ya ɗura giya a ƙananan bututun gilashi, wasu ya cika su fal ya like, wasu ya bar iska a samansu. Waɗanda aka cika ba su canja ba, masu iska kuwa suka tsufa da sauri, launinsu ya juya, laka ta kwanta. Ya kuma duba ɓatacciyar giya a madubin ƙara girma, ya ga ƙwayoyin bakteriya sun cika ta. Nau'in da ake kira Acetobacter a yau, idan ya sami iska, yana juya barasa ta zama asid ɗin asetik, wato khal, wanda wasu ke kira binega. Kalmar binega ma daga Faransanci ta fito, ma'anarta giya mai tsami. Ɗalibai masu karatun fiƙihu za su tuna malamai sun yi bayanin hukuncin giyar da ta rikiɗe da kanta ta zama khal; to, wannan bakteriya ce ke aikin rikiɗar. Pasteur ya gano cewa ɗumama giya zuwa digiri 50 ko 60 a ma'aunin Selshiyos na ɗan lokaci yana kashe ƙwayoyin ba tare da ya dafa ta ba. Ya yi rajistar hanyar a 1865, ya wallafa littafinsa kan giya a 1866, daga baya wasu suka ɗauki dabarar suka kai ta kan madara.

Ko babu bakteriya, oksijin na yin ɓarnarsa. Da taimakon ɗan ƙarfe da tagulla da ke narke cikin giyar, yana taɓa tanin, a sami sinadarin da ke juya barasa ta zama asetaldihaid, mai warin ruɓaɓɓen tuffa. Shi ya sa tun da daɗewa masu yin giya ke ƙona farar wuta a cikin ganga, a yau kuma suke zuba salfa dayoksaid kaɗan, don ya tare oksijin ya kuma hana ƙwayoyi yaɗuwa. Wannan kariya tana ƙarewa a hankali. Ranar da ta ƙare, giya ta kama hanyar gangara.

Ke nan rayuwar kwalba duk ta rataya a kan matoshinta. Ana yanka matoshin ne daga ɓawon wata bishiya mai suna Quercus suber, wadda ƙasar Fotugal ke samar da kusan rabin ɓawonta na duniya. Ba a saɓe ta sai ta shekara 25, sa'an nan a riƙa saɓewa duk bayan shekara 9, kuma sai a saɓa ta uku ake samun ɓawo mai kyan da za a toshe kwalba da shi. Ɗalibin ilimin halittu ya san wannan ɓawo ko da bai sani ba, domin shi Robert Hooke ya yanka siriri ya sa a madubinsa, ya ga ƙananan ɗakuna jere kamar saƙar zuma, ya bayyana su a littafinsa na 1665, daga nan aka fara maganar tantanin halitta. Matoshi guda yana da irin waɗannan ɗakuna wajen miliyan 800, matattu ne, cike da iska, bangonsu shafe da wani abu mai kama da kakin zuma. Shi ya sa yake matsuwa ya shiga wuyan kwalba, ya kumbura ya kama gam. Iskar da ke ratsa matoshi mai kyau ba ta taka kara ta karya ba, sau da yawa ba ta wuce miligiram ɗaya a shekara. Amma ɓawon itace ba aikin inji ba ne, babu biyu da suka zo daidai. Kwalba goma sha biyu daga ganga ɗaya, a akwati ɗaya, bayan shekara ashirin za a iske wata ta yi kyau, wata ta tsufa tukuf. Wani matoshin kuma yana ɗauke da sinadarin TCA, wanda funfuna ke haifarwa, da masana a ƙasar Suwizalan suka gano a farkon shekarun 1980. Hancin ɗan Adam yana jin 'yan nanogiram nasa a lita guda, warinsa kamar na jiƙaƙƙen kwali. Kwalbar da ta kamu da shi ta ɓaci tun ranar da aka toshe ta, mai ita yana can yana lissafin shekaru bai sani ba.

Matoshi ma yana tsufa. Bayan shekara 25 zuwa 30 yakan saki, ruwan ya riƙa raguwa daga wuya zuwa kafaɗar kwalba, iska ta maye wurin. Don haka ake kwantar da kwalba, ruwan ya riƙa taɓa shi. Kamfanin Penfolds na Ostareliya tun 1991 yake kiran masu tsofaffin kwalabensa su kawo a duba a canja musu matoshi. Wanda bai kula ba kuwa ya ga ta kansa. A Disamba 1985 an yi gwanjon wata kwalba a Landan, mai ɗauke da shekarar 1787, aka ce ta Thomas Jefferson ce, shugaban Amurka na uku. Iyalin Forbes masu mujalla suka saye ta fam 105,000, suka baje ta ƙarƙashin fitila don jama'a su gani. Zafin fitila ya busar da matoshin, ya faɗa cikin giyar. Daga baya ma aka yi ta jayayya a kan ko kwalbar ta gaske ce.

Batun zafi ya cancanci malamai su tsaya a kansa, don ƙa'ida ce da ta shafi komai. A mafi yawan lokuta, ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin mu'amalar sinadarai. Ɗakunan ajiyar Turawa suna zama wajen digiri 12 ko 13 duk shekara. Abin da aka ajiye a ɗakin da ya kai digiri 33, kamar ɗakunanmu a bazara, zai tsufa wajen ninki huɗu. Wannan ne dalilin rubutun da ke jikin kwalin magani, cewa a ajiye a wuri mai sanyi, nesa da hasken rana.

Mafi kyawun ɗakin ajiya da aka taɓa gani ba mutum ne ya gina shi ba. A 2010 masu ninƙaya suka tarar da wani jirgin ruwa da ya nutse kusa da tsibiran Aland, tsakanin Finlan da Suwidin, a zurfin mita 50 cikin Tekun Baltik. A cikinsa akwai kwalaben shamfen 168 da suka yi wajen shekara 170 a duhu, cikin sanyin digiri 2 zuwa 4. Farfesa Philippe Jeandet na Jami'ar Reims da abokan aikinsa suka auna ta, suka bayyana sakamakon a 2015. Sukarinta ya haura giram 140 a lita, ya fi na lemon kwalba, barasarta kuwa ba ta kai ta shamfen ɗin yau ba. Da aka fara buɗewa wari ne ya tashi, irin na jiƙaƙƙen gashi da cuku, saboda daɗewa babu iska. Da aka ɗan kaɗa ta a kofi iska ta shiga, sai warin ya gushe, ƙanshin hayaƙi da kayan yaji ya bayyana. An sayar da kwalba guda Yuro 30,000 a 2011.

A birnin Strasbourg na Faransa kuma, a ƙarƙashin tsohon asibitin garin, akwai gangar giya ta shekarar 1472. Sau uku kawai aka ba baƙi ita: a 1576 ga mutanen Zurich da suka zo ta kogi da tukunyar kunun gero, don su nuna za su iya kawo ɗauki kafin kunu ya huce, a 1718 lokacin sake gina asibitin, sai a 1944 ga Janar Leclerc da ya ƙwato birnin daga hannun Jamusawa. Awon da aka yi mata a 1994 ya nuna barasarta tana nan wajen kashi 9 cikin 100, tsaminta kuwa ya kusa na ruwan lemon tsami. Tsamin ne ya hana ƙwayoyi zama cikinta. A ganina dai kiranta giyar 1472 da sauran magana, tun da ana ɗan ƙara mata sabuwa don cike abin da ya tsotse ta jikin katako. Wadda ta girme ta ita ce kwalbar Speyer a Jamus, da aka tono a wani kabarin Rumawa a 1867, ta ƙarni na huɗu, kuma har yau ba a buɗe ta ba. Abin da ya tsare ta shi ne man zaitun da aka zuba a saman ruwan. Dabarar ke nan da mata ke yi idan sun tafasa niƙaƙƙen tumatir sun ɗura a kwalba, su malala mai a kai don iska ta rasa hanya.

Idan ranar buɗewa ta zo, mai kwalba yakan tsayar da ita kwana ɗaya ko biyu laka ta kwanta, ya zare matoshin a hankali don yakan farfashe, ya tsiyaye ruwan a gaban kyandir yana duban wuyan kwalba, da ya ga laka ta taso ya tsaya. Daga nan ba shi da lokaci mai yawa. Giyar da ta tsufa ƙwarai ba ta da sauran kariya, iskar da ta shige ta cikin minti kaɗan ta fi wadda ta samu a shekaru, wani lokaci kafin awa guda ƙanshin da aka jira shekara talatin ya tafi. Abu ɗaya da shekaru ba su taɓa ba shi ne barasar. Tana nan yadda take, hanta kuma za ta juya ta zuwa asetaldihaid kamar kowace giya. Tun 1988 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa barasa cikin rukunin farko na abubuwan da ke haddasa cutar, a Janairu 2023 kuma hukumar ta bayyana cewa babu wani adadi da za a ce shan sa ba shi da haɗari.

Malami zai iya nuna wa ɗalibai aikin iska da zafi da haske ba tare da ya kusanci giya ba. A dafa zoɓo ba sukari, a tace, a ɗura a fararen kwalabe uku masu tsabta. Ta farko a cika ta fal a rufe, a sa a gindin randa inda babu haske. Ta biyu a zuba rabi a rufe, a ajiye kusa da ita. Ta uku a zuba rabi, a ɗora a taga inda rana ke bugawa. Duk bayan kwana biyu a ɗiga ɗigo guda daga kowace a kan farar takarda, a rubuta kwanan wata a gefe, har mako biyu. Ta farkon kam a bar ta a rufe sai ranar ƙarshe, don kowace buɗewa iska take sa mata. A gargaɗi yara kada kowa ya ɗanɗana, domin funfuna na iya kama shi.