Sulken Baraden Turai da Idon Mai Zane

Masu zana jaruman wasan bidiyo da na katun a ƙugu suka fi yin tuntuɓe. Sai su zana ƙarfen ƙirji ya zarce har mara, kamar taguwa. Wanda ya sa irin wannan ko sunkuyawa ba zai iya ba, balle hawa doki. A sulken da maƙeran Milan da Augsburg suka ƙera a ƙarni na 15, ƙarfen ƙirji yana tsayawa ne a ƙarshen haƙarƙari, daidai inda jiki ke lanƙwasa. Daga nan sai siraran fallayen ƙarfe su karɓa, wannan bisa wancan, suna shigewa cikin juna idan barde ya zauna a sirdi. Wannan ne asalin matsattsen ƙugun da ake gani a tsofaffin hotuna. Nauyin ƙarfen ma a nan yake zama, kafaɗu su sami sauƙi.

Nauyin kuwa bai kai yadda ake zato ba. Cikakken kayan yaƙi kilo 20 zuwa 25 ne, a rarrabe a jiki duka. Zafi da ƙarancin numfashi su ne ke galabaitar da mutum.

Kafaɗu su ma abin lura ne. A ƙirar Milan, ta hagu ta fi girma, sau da yawa har da ƙarin ƙarfe a kai, don yawancin mayaƙa badamai ne, saransu a hagun abokin karawa yake sauka. Ta dama kuwa an zaftare ta wajen hammata domin mashi ya sami wurin zama. Mutanen Milan sun fi son ƙarfe mai santsi da kumburi, yadda tsini zai zame ya wuce. Jamusawa suka riƙa fitar da tudun layuka a jikin ƙarfen, abin da ke ƙara masa ƙwari ba tare da ƙarin nauyi ba. Mai zane ya jera su biyu, tun daga inuwarsu ya sami halaye biyu: ƙato mai natsuwa, da siriri mai zafin nama. Ƙahonin nan da tsinayen da ake dasa wa jarumai a kafaɗa kuwa, a ganina taimakon abokin gaba kawai suke yi, tun da su za su riƙe masa makami a jikin mai su.

Sai kafofin da fallen ƙarfe ba ya iya rufewa: hammata da cikin gwiwar hannu. Da sulken zobba ake tare su, a ɗinke jikin rigar ciki mai kauri wadda ake ɗaure ƙarafan a kanta da igiyoyi. Zanen da ya nuna igiyoyin da maɗaurai na fata ya gaya mana cewa jarumin nan yana da bara mai sa masa kaya. Ba kowa ke da wannan gatan ba. Kaburburan yaƙin Visby na 1361, a tsibirin Gotland, sun nuna manoma sanye da sulken da tun a lokacin ya zama tsohon yayi.

Mai zane a Kano bai kamata ya tsaya ga na Turai kaɗai ba. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwalin ƙarfe da sulke. Gidan tarihi na Wallace a Landan zai nuna maka ƙarfe a tsaye, hawan sallah kuwa zai nuna maka yadda lifidi ke kumbura doki, da yadda sulke ke zuba a kafaɗar mahayi yana sukuwa.