Masu Tara Itace: Daga Shagunan Jita Zuwa Rumfar Masassaƙi a Ringim

A Amurka da Turai da Japan akwai mutanen da sana'arsu daban take, wani likita, wani malamin makaranta, wani direban da ya ajiye aiki, amma da sun samu sarari sai su shige ɗan shagon bayan gida su zauna haɗa jita. Jita ɗaya takan ci wa irin wannan mutum watanni, in ya yi ƙoƙari ya gama biyu a shekara. Leƙa ɗakin ajiyarsa ka sha mamaki. Fallayen katako ne jere har rufi, kowanne an rubuta masa ƙasar da ya fito da shekarar da aka yanka shi. Ko Allah ya ba shi shekara ɗari nan gaba ba zai cinye su da aiki ba. Duk da haka, gobe in ya ji wani tsohon kafinta ya rasu ana sayar da kayan shagonsa, shi zai riga kowa zuwa. Su kansu sun san abin ya wuce misali, har cuta suke kiransa a tsakaninsu.

Wannan cuta ba baƙuwa ba ce a wurina. A Ringim na tashi, a hannun kawuna, masassaƙi ɗan gado. Turmi da taɓarya da ƙotar fartanya da akushi su ke ciyar da gida, su yake kaiwa kasuwar Gujungu. Amma abin da ransa ke so shi ne kalangu da kwacciyar garaya da molo. Saboda su ya kafa wata rumfa a bayan gida wadda ko kaji ba a bari su shiga. A ciki akwai guntun ƙirya da aka tono wajen haƙa rijiya, da gungumen maɗacin da iskar farkon damina ta kayar, da alilliba, da kanya, da wani ɗan guntun madobiya da wani direba ya kawo masa daga kudancin Bauchi. Duk ya ɗora su a kan duwatsu saboda gara, ya shafe bakunansu da kakin zuma. Ko an kwana uku ana ruwa babu busasshen itacen girki, matansa sun san ba a taɓa ko tsinke a rumfar nan.

Me ya sa sai an ajiye?

Kafin a zargi mai tara itace da haɗama, ya kamata a san cewa ajiyar tana da tushe. Ɗanyen itace cike yake da ruwa, wani har kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Yana bushewa yana tsukewa, kuma ba daidai yake tsukewa ta ko'ina ba: a tsawo kusan ba ya motsi, a faɗi ne yake janyewa. Bakin gungume kuma ya fi gefensa saurin fitar da ruwa nesa ba kusa ba, shi ya sa tsagewa daga baki take farawa, shi ya sa kuma ake toshe bakin da kaki ko fenti. Masu aikin katako suna da ƙa'idar da suke bi, cewa duk kaurin inci ɗaya a ba shi kamar shekara guda yana shan iska a inuwa.

A wurin mai jita lamarin ya fi tsanani. Fuskar jita, wato allon da tsirkiyoyi ke kaɗawa, kaurinta bai wuce milimita 3 ba, amma tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan ta da ƙarfin da ya kai kilo 70, dare da rana. In da sauran ruwa a katakon, fuskar za ta kumbura ko ta tsage. Don haka sai ruwan da ke ciki ya sauko zuwa kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari kafin a sa masa gam. Mu nan ba mu da na'urar awo, hunturu ne alƙalinmu. Kawu yakan ce itacen da bai ga hunturu uku ba, bai san halinsa ba tukuna. Kalangun da aka fafe da ɗanyen itace, sanyi na sauka sai ya buɗe, makaɗi ya dawo da shi yana faɗa.

Akwai kuma kunne. Mai jita yakan riƙe falle da yatsu biyu kusa da kunnensa ya ƙwanƙwasa, ya saurari tsawon amon. Haka kawu yake yi da ƙeyar gizago. Wata rana ya buga guntaye biyu ya ce, “Ɗana, wanne ya amsa?” Na nuna na dama. Ya ce, “To wancan na hagu turmi ne, wannan kuwa makaɗi yake jira.” Mutumin da kunnensa ya saba da wannan amsawa, in ya gamu da itacen kirki ba ya iya wucewa ya bar shi, domin ya san ba kullum ake dacewa ba.

Inda buƙata ke komawa kwaɗayi

Matsalar tana farawa ne ranar da mutum ya daina sayen itace don abin da zai yi da shi, ya koma saye don kada wani ya riga shi. Ƙarancin abu shi ke hura wannan wuta. Shekaru da dama itacen da masu jita suka fi girmamawa shi ne rozwud na Barazil, mai duhu da ƙamshi da zane. Kamfanin Martin na Amurka ya yi ta aiki da shi har zuwa 1969, lokacin da samunsa ya yi wuya ya koma na Indiya. A 1992 yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta hana cinikin sabon yankansa tsakanin ƙasashe. Tun daga ranar, duk wanda ke da tsohon falle a ɗaki ya zama mai dukiya, masu nema kuma suka ƙaru.

Akwai ma wata bishiyar mahogani guda ɗaya tak da aka sare a dajin Chiquibul na ƙasar Beliz a 1965. Ta faɗa cikin kwazazzabo, aka kasa fito da ita, ta kwanta can fiye da shekara goma kafin a jawo ta. Da aka tsaga sai aka ga zane a jikinta mai kama da igiyar ruwa. Har yau katakon baya da gefen jita ɗaya daga jikinta dubban daloli ake saye, kuma da yawa daga masu sayen ba sa ko kusantar da zarto gare shi. Ajiyewa suke yi su riƙa kallo.

Kwaɗayin bai tsaya kan 'yan sha'awa ba. A 2009 da 2011 jami'an gwamnatin Amurka sun shiga masana'antun kamfanin jita na Gibson suka kwashe katako, a 2012 kamfanin ya amince ya biya tarar dala 300,000 kan eboni da aka shigo da shi daga Madagaska.

Abin ya zo har gida

Kada mai karatu ya ɗauka labarin nesa ne. Itatuwan da duniya ke rububi 'yan gidanmu ne. Eboni, baƙin itacen da ake shimfiɗawa a wuyan jita inda yatsu ke dannawa, ɗan uwan kanya ne. Mahoganin Afirka da ake yin bayan jita da wuyanta da shi, dangin maɗaci ne. Madobiya kuwa ita ce itacen kiɗa na Afirka ta Yamma tun fil azal: da ita Mandinko ke yin sandunan balafon da wuyan kora, ganyenta kuma Fulani ke sassaɓo wa shanu da rani.

Wannan madobiyar ce 'yan katako a Taraba suke kira madrid. Daga wajajen 2013 'yan kasuwa suka afka mata a Kogi da Taraba da Adamawa, ana loda ta zuwa Sin don yin kujeru da gadaje na alfarma. A 2017 ƙungiyar bincike ta EIA ta fitar da rahoto cewa gungume fiye da miliyan 1.4 da aka sare ba bisa ƙa'ida ba, masu darajar kusan dala miliyan 300, sun fita daga Nijeriya zuwa kasuwar Sin. A farkon 2017 madobiya ta shiga jerin itatuwan da CITES ke taƙaita cinikinsu, a 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya. A taron Panama na 2022 aka ƙara da dangin maɗaci da na kawo.

Gaskiya ita ce masu kayan kiɗa ba su ne manyan maciya daji ba, abin da suke ɗiba kaɗan ne in an gwada da masu kujeru da masu gawayi. Amma son nasu yana da nasa ɓarnar. Da Bob Taylor, mai kamfanin jita na Taylor, ya sayi masana'antar yankan eboni a Yawunde tare da abokan hulɗarsa a 2011, masu sara suka gaya masa sai sun kayar da bishiya kusan goma kafin su samu ɗaya mai baƙi wuluk. Sauran, masu ratsin fari da ruwan ƙasa, a daji ake barin su su ruɓe, don kawai masu saye sun saba da baƙi. Taylor ya ce a kawo masa masu ratsin, zai biya kuɗi ɗaya, ya fara sa su a jitocinsa masu tsada. Daga 2016 kuma aka shiga dashen eboni a ƙauyukan Kamaru.

Kunne ya san tsada?

Tambayar da masu tarawa ba su cika son ji ba ita ce: shin itacen da ya fi tsada ya fi amo? Antonio de Torres, Basifanen da ya tsara surar jitar da aka sani yau, ya haɗa wata a 1862 wadda bayanta da gefenta na kwali ne, fuskar kaɗai ce ta itacen kirki. Tana nan a gidan tarihin kiɗa na Basalona. A 2018 masu bincike na Jami'ar Lankasta a Ingila suka wallafa wani gwaji: maƙeri ɗaya ya haɗa jita shida iri ɗaya, bambancinsu kawai katakon baya da gefe, daga rozwud na Barazil har zuwa masu araha. Aka ba makaɗa 52 su kaɗa cikin duhu-duhu da tabarau mai tare gani. Makin da suka ba jitocin kusan ɗaya ne.

Mu ba ma buƙatar zuwa Ingila neman shaida. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi ya zagaya duniya, ɗan abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da akan yi jikinsa da gwangwanin kifi a rufe da fata. Mdou Moctar na Nijar, da ake cika manyan zaurukan Amurka don sauraronsa, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa, da guntun katako da wayar birkin keke. Gurmi da goge da kukuma kuwa duma ne jikinsu. Itace mai kyau yana taimako, babu musu, musamman wajen ƙarko da sauƙin aiki. Amma hannun mai sassaƙa da hannun mai kaɗawa su ne kan gaba.

Bashin da ke wuyan mai rumfa

Manomi ya san bambancin wanda ya cika rumbu don iyalinsa su kai kaka da wanda ya ɓoye hatsi har ƙwari suka cinye. Da wannan ma'auni nake auna mai tara itace, Bature ne ko Bahaushe. Ajiyar da ake shiga ana fita da ita, ana sassaƙawa, ana ba almajiran sana'a su koyi hannu, hikima ce. Wadda ta zama abin kallo da alfahari, an hana itacen aikinsa, an kuma hana wani. Lokacin da ƙarfin kawu ya fara raguwa, da kansa ya kira yaran da ya koya wa sana'a ya raba musu fiye da rabin rumfar, kowa da guntun da ya dace da hannunsa. Wannan shi ne abin da na fi girmama shi da shi.

Sai dai rabon ajiya ba ya mayar da daji. Duk mai bin hanyar Kano zuwa Ringim ta wuce Taura har Haɗeja yana ganin lodin itace da buhunan gawayi. Ƙirya, wadda maƙera suka fi son gawayinta kuma masassaƙa suka fi son turminta, jinkirin girma gare ta, wanda ya dasa ba lallai ya ci moriyarta ba. Yau masassaƙan yankinmu da yawa sun koma darbejiya da duk abin da ya samu, gungumen kirki sai an sayo daga nesa.

Maganin kuwa yana tsallaken Ɓaɓura da Maigatari, a Nijar. Tun 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman Maraɗi suka fara abin da ake kira sassaben zamani: maimakon a tumɓuke tohon da ke fitowa daga tsohon kututture a gona, sai a zaɓi rassa masu ƙarfi a bar su, a rage sauran. Da wannan dabara mai arha aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram, bishiyoyi wajen miliyan 200. Ƙasarsu ta fi tamu bushewa.

Abin da nake roƙo a Ringim da Taura da Garki da Dutse ba ya buƙatar kwangila. Masassaƙa da maƙera da makaɗa, su da suka fi kowa sanin darajar ƙirya da maɗaci da kanya, su ya kamata su shige gaba. Sarakunan sana'a su sa ƙa'ida a tsakaninsu cewa wanda ya kayar da babbar bishiya zai raini wasu a madadinta har su fi ƙarfin awaki. Dagatai su ware musu fili a gefen makiyaya da maƙabartu da makarantu. Masu rainon dashe na gwamnati su daina cika gandunansu da darbejiya da turare kaɗai, su tsiro da irin namu na gado. Addininmu ya riga ya sanar da mu cewa dashen da mutum ko tsuntsu ko dabba ya amfana da shi sadaka ce. Wanda yake son itace har ya hana kansa sakewa in ya ga guntu mai kyau, ya kai wannan son gona, daminar bana.